Wanda Aka Tsokana Bai Rama Ba

Haidar da Nana, na san abin da aka gaya muku game da ƙirjin Abbanku, domin a gabana aka sha faɗa. Gwaggonku, Allah ya ji ƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta tana cewa ɗan'uwanta ya bi aboki ya zubar da lafiyarsa a ƙasar mutane, ya manta yana da mata da 'ya'ya. Shi kuma kun san halinsa, in an ɗauko maganar sai ya yi murmushi ya gyara zaman robar iskar da ke hancinsa. Ni ce mai baki a gidan, amma ya roƙe ni in bari, na bari. To yanzu ba ya nan, ni ma gwiwa ta fara ba ni sanarwa, kuma ba zan tafi in bar ku da labarin Gwaggo ba. Ku karanta a tsanake, musamman kai Haidar da kake karatu kamar ana korarka.

A unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur muke zaune a lokacin, can sama a wani dogon bene da rabin mazaunansa ɗalibai ne da iyalansu. Abbanku yana fama da digirinsa na uku, ni kuma na ajiye aikin koyarwata a Kano na biyo shi ina fama da ku. Aminansa biyu ne, Baffa Isyaku da Baffa Sagir. Isyaku kun san shi, shi ne mai zuwa mana da dabino duk azumi. Sagir ba za ku tuna shi ba, ko da yake ke Nana a wuyansa kika fara ganin tagwayen benayen nan na tsakiyar gari. Su ukun nan tun suna samari a Zariya suke tare, kuma ban taɓa jin sun yi hira irin ta manyan mutane ba. Gaisuwarsu tsokana, sallamarsu tsokana. Kowa da gyambon da ake fama masa, kuma gyambon bai taɓa canzawa ba.

Na Abbanku ƙwallo ne. Ya tattara yaran benen, namu da na Malay da na Indiyawa, ya saya musu korayen riguna, ya rataya usur a wuya, duk Asabar yana filin simintin ƙasan bene yana ta kwakwazo. Ƙungiyar nan ba ta taɓa cin wasa ba. Akwai ranar da mai tsaron ragarsu, wato kai Haidar, ka bar raga ka bi mai askirim. Daga nan suka sa masa Koci. Na Isyaku kuma katunan 'yan ƙwallo ne masu hoto, yana saye yana sa kowanne a 'yar rigar roba, yana jerawa a akwati da maganin danshi. Wai jari ne, wai wata rana zai sayar ya gina bene a Samaru. Abin da ya ɓata masa suna shi ne duk matashin ɗan wasan da ya sayi katinsa, ba a jimawa sai ka ji ya karye.

Sagir shi gyambonsa biyu ne. Tuzuru ne, dogo, ɗan kwamfuta, yana zaune shi kaɗai a wani ɗaki a Chow Kit, dab da kasuwa. Wani taron karatu ya taɓa kai shi wata ƙasa can arewacin duniya cikin hunturu, aka ɗora shi a kan babur ɗin ƙanƙara, wanda ba shi da taya sai wasu faffaɗan ƙarafa biyu a gaba da bel a baya. A nasa labarin tsere ya yi da barewa ya bar ta a baya. A hoton da wani ya ɗauka kuwa ƙafafunsa biyu kawai ake gani a sama, sauran jikin yana cikin tudun ƙanƙara. Gyambo na biyu kuma Aishah ce, wata 'yar Malay mai sayar da kayan miya a kasuwar. Mutumin da ko shayi bai iya haɗawa ba, kullum sai ya sayi barkono da kuɓewa da lemon tsami a wurinta, ƙarshen mako ya jido ya kawo mini. Fiye da shekara zancen bai wuce tambayar farashi da godiya ba. Dabararsa ɗaya, ya tsaya kusa da teburinta yana aika wa abokansa saƙon murya da ƙarfi yana ƙyalƙyala dariya, wai don ta san shi mutum ne mai jama'a.

Duk yamma suna shagon shayin Indiyawa Musulmi da ake kira mamak, in kuma ruwa ya hana su sai su dawo falona su cinye mini abincin 'ya'ya. Na haddace hirar tasu kamar karatun allo.

"Ango, yau an kai ina?" in ji Abbanku. "An tambayi sunan babanta?"

"Koci, ka fara cin wasa ɗaya tukuna," in ji Sagir, "sannan ka koya wa mutane kai hari."

"Mutumin da ya kasa tuƙa babur a fili fetal," in ji Isyaku, "babu ɗan sanda babu akuya, shi zai riƙe 'yar mutane?"

"Isyaku, don girman Allah, duk abin da za ka saya ka saya, amma kada ka sayi hotona. Ban yi aure ba."

Sau ɗaya tak na ji Sagir ya yi maganar ƙanƙarar nan ba da wasa ba. Ya kawo mini kuɓewa, yana tsaye a bakin kicin, na tambaye shi ko bai ji tsoro ba da ya nutse.

"Yaya, ai abin tsoron shi ne ban ji tsoro ba," ya ce. "A ciki shiru ne irin wanda za ki ji jininki yana tafiya. Ina jin su a sama suna kiran sunana, can nesa, ina so in amsa amma bakin ya ƙi. Kuma wallahi daɗi nake ji. Da ba su janyo ƙafata ba, da ban yi niyyar fitowa ba."

Na ce masa ya daina irin wannan magana a gidana. Ya yi dariya ya saci soyayyen nama a tukunya ya fita.

Sai annoba ta zo aka rufe gari. Ku da kuka girma bayanta ba za ku gane ba. Kuala Lumpur gari ne da ba ya yin shiru, amma sai da ya yi tsit har ina jin kukan tsuntsu daga tsaunin da ke bayanmu. Jirgin ƙasa yana wucewa da rana tsaka da fitilunsa a kunne, babu kowa a ciki sai kujeru. Ladan ya yi kiran salla ya ce kowa ya yi a gidansa, a kulle masallaci. Filin ƙwallon Abbanku aka zagaye shi da jan kirtani, birai suka sauko daga tsauni suna zama a kan sandar raga suna kallon tagoginmu, kamar su ne masu gari mu ne abin kallo. Mutum ɗaya ake bari ya fita daga kowane gida, shi ma sayen abinci kawai, kuma kada ya yi nisa, ga shingayen 'yan sanda a hanyoyi. Rana tana fitowa fes, komai a wanke, amma in na leƙa taga sai tsigar jikina ta tashi.

A nan ne su ukun suka kafa doka. Suna da zauren hirarsu a waya, suka ce duk bayan la'asar kowa zai aika tsokana da murya, kuma wanda aka tsokana bai rama ba kafin magariba, to ba lafiya ba, a neme shi. Sagir ne ya kawo shawarar. Ya ce rubutu ba shaida ba ne, ko gawa in an dafa mata yatsa za ta rubuta lafiya lau. Abbanku yakan ajiye wayar a kan tebur ya buɗe murya, ni ina wanke-wanke, ku kuna faɗa da Turanci a kan abin wasa. A gaskiya na fara jiran lokacin nan, domin shi kaɗai ne lokacin da gidan yake jin muryar wani daga waje.

An yi makonni a haka. Sai aka sanar an samu masu cutar a Chow Kit, an rufe kasuwar. Mun gani a talabijin, an ja waya mai ƙaya a bakin layuka, tebura a kife, ko kyanwa babu. Abbanku ya kira Sagir bai ɗauka ba, sai ya rubuto cewa yana kan aiki, kuma waya mai ƙayar ba ta kai gininsu ba, suna gefe. Da la'asar Isyaku ya tambaye shi yanzu ina ango zai riƙa zuwa zance. Ba a jima ba amsa ta shigo, muryarsa garau, yana cewa mai gidan kati ya fara sa rufi tukuna kafin ya shiga maganar manya. Suka yi dariya, ni ma na yi.

Washegari ma haka, da wanshekaren. Ban san ranar da abin ya fara damuna ba, na dai san wata yamma ina ɗauraye kofi sai hannuna ya tsaya cak. Sagir yana cewa Koci ya fara cin wasa ɗaya tukuna, a bayansa kuma mai kifi yana kiran ciniki. Ana sara ƙashi a kan katako. Babura suna hon, wata mata tana dariya kusa da shi, dariyar da na tabbata ta Aishah ce. Kasuwa ce cike maƙil, a garin da ko tari ka yi a baranda sai maƙwabci ya ji. Na ajiye kofin na goge hannuna. Na ce wa kaina wataƙila wata kasuwar ya samu, na kuma san ƙarya nake yi wa kaina.

Da Abbanku ya shiga wanka na ɗauki wayar na shige ɗaki, na rufe ƙofa, na manna ta a kunnena. Na saurari na ranar, na koma na jiya, na koma na shekaranjiya. Dukkansu da kasuwa a baya. Amma ba wannan ne ya kashe mini jiki ba. A ƙarƙashin dariyar, kusa-kusa, kamar a cikin kunnena, akwai wani yana numfashi. Numfashi ne mai nauyi, ana jawo shi da ƙyar, yana fita da 'yar ƙara kamar ana tsotsar ƙarshen kunu. Sagir yana magana, numfashin yana tafiya daban. Sagir yana ƙyalƙyala dariya, numfashin bai tsaya ba. Mutum ba ya dariya yana kuma jan numfashi irin wannan a lokaci guda. Mutum biyu ne a cikin saƙon, kuma dukkansu Sagir ne. Na shekaranjiya numfashin yana da ɗan ƙarfi, na ranar kuwa har sai na ƙirga tsakaninsu da zuciyata. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ga rana a waje tana haska labule.

Daga baya muka tabbatar da abin da na zata. Tsoffin saƙonninsa yake kunnawa a kwamfuta, ya kanga waya a bakin sifika ya ɗauka, ya aiko. Ya kai ba ya iya haɗa kalma uku ba tare da ya tsaya ba. Kuma tsokanar tasu tun da iri ɗaya ce shekara da shekaru, duk tsohuwar amsar da ya ɗauko sai ta zauna daidai. Sabo turken wawa. Abin da ya manta shi ne waya ba ta zaɓar abin da za ta ji.

Abbanku ya fito yana goge kai, na miƙa masa wayar.

"Abban Haidar, saurari wannan. Ba maganar ba, abin da ke ƙasanta."

Bai karɓa ba. Ya zauna a bakin gado ya zuba wa tawul ido.

"Na ji tun shekaranjiya," ya ce.

"Ka ji, kake dariya?"

"To in ban yi dariya ba me zan yi? Na kira ya fi a ƙirga, ba ya ɗauka. In na yarda na ji, sai in tafi. In na tafi, me zan kwaso muku?"

Kada ku raina ubanku a kan wannan. Kwana biyu yana ɗauke da abin nan shi kaɗai, yana auna amininsa da 'ya'yansa, yana tauna tuwo ba ya jin ɗanɗano. Muka kira Isyaku muka buɗe murya. Da ya saurara sai ya ce shi ma ya ji kasuwar, ya ɗauka kunnensa ne. Isyaku yana can bayan gari, ba shi da mota, matarsa kuma ko arba'in ba ta yi ba. Ya ce a kira motar asibiti a ba su adireshi. Abbanku ya ce takardar zaman Sagir ta ƙare ana tsaka da kulle, fasfo ɗinsa yana wani ofis a rufe, ga raɗe-raɗin ana kwashe baƙin da takardunsu ba su cika ba a unguwannin da aka killace. In ciwon bai kai yadda muke zato ba, mu da hannunmu mun miƙa shi. Wannan tsoron ne ya sa Sagir ya ɓoye tun farko, shi da rashin son ɗora wa masu iyali nauyi. Dole wani ya je ya gani da idonsa, gani ya kori ji.

Aka kwana a haka babu wanda ya yanke. Da safe na ɗora tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, kuɓewar Sagir ce ma da na busar. Na zuba a kula, na ɗaure a leda irin yadda masu abinci suke yi in ka ce tapau, wato a ƙunshe maka ka tafi da shi, domin a shinge in suka ga abinci sukan sassauta. Na haɗa takunkumi biyu da safar hannu da kayan sawa na 'yan kwanaki. Abbanku yana zaune a falo yana kallona ina kai da kawo. Na san da ƙirjinsa. Ni nake ajiye masa abin shaƙarsa na asma a aljihun jakata tun muna amarci, ba wanda zai gaya mini abin da cutar nan take yi wa irinsa. Duk da haka bayan azahar na ɗauko makullin mota daga ƙusa na sa masa a tafin hannu na naɗe yatsunsa a kai.

"Maman Haidar, kin san abin da kike yi?"

"Na sani. Ku kuka kafa doka, wanda aka tsokana bai rama ba a neme shi. Yau kwana nawa Sagir bai rama ba?"

"In na shiga ɗakin nan ba zan dawo gidan nan ba sai an gwada ni."

"Kayanka suna cikin jaka. In da kai ne a bayan ƙofar nan, da Sagir bai tsaya neman shawarar kowa ba."

Ya leƙa ɗakinku kuna barcin rana, bai shiga ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya fita. Na bi shi da ido ta taga, motarmu ita kaɗai a kan titi mai faɗin nan, biran suna juya kai suna binta da kallo. Sai da ta ɓace na tuna na manta ban ce masa Allah ya kiyaye ba, na faɗa wa gilashin taga.

Zauren nasu yana buɗe a tsohuwar kwamfutarsa da ya bari a kan tebur. Na zauna a gabanta. Aka kira la'asar, na yi salla na dawo. Hadari ya haɗo, garin ya yi duhu-duhu, amma ruwan ya ƙi sauka. Isyaku, bawan Allah, ya aika tasa tsokanar, ya ce direban ƙanƙara yau ina aka dosa, barewar tana jira. Na ga alamar Sagir yana ɗaukar murya. Alamar ta tsaya a haka, ba ta tafi ba, saƙo kuma bai shigo ba. Irin saƙon nan sai ka ɗaga yatsa yake tafiya, shi kuma bai ɗaga ba. Ina zaune ina kallon 'yar alamar nan tana motsi, ke Nana kika farka kika zo kika hau cinyata, na riƙe ki har kika ce ina matse ki.

Da saƙon ya shigo, dogo ne fiye da duk wanda ya taɓa aikowa. Na sauke ki na kunna. Kasuwa ta cika falon, mai kifi, hon, dariyar Aishah, ga Sagir da muryarsa ta lafiya yana roƙon Isyaku kada ya sayi hotonsa, bai yi aure ba. Sai tsohon saƙon ya ƙare, kasuwar ta ɗauke ɗif. Ya rage numfashin kaɗai. Ya ja, ya yi shiru har in ce shi ke nan, sai ya sake ja. Babu fanka, babu mota, babu komai, shiru irin wanda ya taɓa ba ni labari a bakin kicin. Na toshe bakina da mayafi. Can sai na ji bugun ƙofa daga nesa, da murya tana kiran sunansa.

"Sagir! Sagir, ni ne, buɗe!"

Abbanku ne. Yana bugu yana kira, yana yi wa mai gadi magana da guntun Malayancinsa, yana sake kira. Numfashin ya yi sauri. Aka daki ƙofar da ƙarfi har ta karye, takun ƙafa ya matso. Sai na ji wata murya da ban sani ba, siririya kamar ta tsoho, tana ajiye kalma ɗaya-ɗaya.

"Koci... ka makara... kamar 'yan wasanka."

A nan saƙon ya yanke. Abbanku ya ce mini a ƙasa ya same shi, jingine da gado, kwamfuta a gefensa, kuma sai da ya ɓamɓare yatsansa daga kan wayar. Wato Abbanku ne ya aiko saƙon bai sani ba. A shekarun da na san su, wannan ce sabuwar tsokana ta farko da na ji daga bakin ɗayansu.

Motar asibiti ta zo, babu wanda ya tambayi fasfo. Kafin ta iso Abbanku ya jingina shi a ƙirjinsa, ya ba shi ruwa da cokali, yana karanta masa kalmar shahada, Sagir yana bi da leɓe. Tuwon ba a buɗe shi ba. Bayan 'yan kwanaki Sagir ya cika a asibiti. Mutane cikin fararen kaya da ba a ganin fuskarsu suka yi masa salla suka binne shi, Isyaku yana tsaye can bayan katangar maƙabarta, shi ke nan 'yan rakiya. Abbanku a lokacin yana wurin killacewa, zazzaɓi ya fara. Daga nan asibiti, daga nan makonnin da ba na son tunawa. Ya dawo mana da rai, alhamdu lillahi, amma wandonsa sai da na ƙara masa huji a bel, kuma hawa ɗaya na bene sai ya zauna. Da aka buɗe gari yara suka taru a ƙofarmu da korayen rigunansu, ya sa usur a baki ya hura, abin da ya fito ko kai Haidar da kake gabansa ba ka ji ba. Ya cire shi daga wuya ya rataya maka.

Da kasuwa ta dawo na je Chow Kit da kaina na nemi teburin Aishah. Kafin in buɗe baki ta tambaye ni dogon nan mai yi wa waya ihu. Na gaya mata. Ta daɗe tana jera lemon tsamin da yake a jere, sannan ta ce ita ta san ba ya girki, mai girki ba ya sayen barkono kullum. Ta ce jira take ya yi magana. Isyaku kuma bai sake sayen kati ba, bai kuma sayar ba, akwatin yana nan a ɗakinsa, benen Samaru har yau ba a sa harsashi ba.

Gwaggonku ta ce tun da mutumin ya rasu duk da haka, to ƙirji ya tafi a banza. Na haɗiye maganar nan shekaru, yau zan amayar. Sagir yana kwance a ƙarƙashin shirun nan yana jin ana kiransa daga sama, kuma wannan karon ma an samu wanda ya janyo ƙafarsa. Bai cika shi kaɗai a bayan ƙofa ba har sai wari ya sanar da maƙwabta. Ya ga fuskar da ya sani, ya samu mai tuna masa kalmar shahada, an binne shi da sunansa. In wannan banza ne a wurin Gwaggo, ni a wurina ba banza ba ne. Na yi kuka a kan ƙirjin nan fiye da kowa, ni na kwana ina jin yadda yake ja, ni na wanke robar iskar nan har ranar ƙarshe. Akwai ranakun da na ji haushin Sagir, akwai waɗanda na ji haushin kaina. Amma ko yau aka mayar da ni gaban ƙusar nan, makullin zan ɗauko.

Kuna yara kun sha tambayata me Abba yake saurare a tsohuwar waya duk bayan la'asar, da yake juya mana baya a kan darduma. Nakan ce muku karatu ne. Saƙon nan ne. Yakan bari ya kai ƙarshe, sannan ya sauke wayar ya ce a hankali, "Na makara, Ango, amma na zo." Dokarsu ce, an tsokane shi, sai ya rama.

Wayar tana cikin akwatina, a ƙarƙashin zannuwan ɗaurin aurena, na sa an kwafe saƙon a wurare da dama saboda tsaro. Ni ma nakan kunna. Kasuwar nakan wuce ta, numfashin kuma har yau ba na iya tsayawa a kansa. Wurin bugun ƙofar nake nema. Ku biyun nan da muryar da kuka san ubanku da ita kuka girma, mai tsayawa a tsakiyar magana tana neman iska, kun ɗauka haka Allah ya yi shi. In kun zo hutu ku tuna mini in kunna muku, ku ji yadda yake kiran sunan amininsa har bene yana amsawa. Wannan ce murya ta ƙarshe da ya ɗaga da cikakken ƙirjinsa, kuma ni na aike shi.